Damin Hatsin da Ka Ce a Daina Kawowa

Dogarawa, Jihar Tawa

Zuwa ga Yayana Sirajo, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa take yi wa babban wanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya sa wa kasuwarka albarka, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce take damunta in sanyi ya sauka, ido kuma ya yi rauni, amma tana cin tuwonta, tana sallarta a zaune. Ɗiyata Hajara ta sauka lafiya, an sami mace, uwa da jaririya duk ƙalau. An gama kaka, hatsi ya yi daidai gwargwado, wake ne tsutsa ta ɓata.

Yaya, ka yi mini afuwa da na zaɓi takarda. A waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, da na fara sai ka yi dariya ka ce Zulai sarkin damuwa, ni kuma nauyinka ya rufe mini baki. Yau ina son ka ji ni har ƙarshe. Ɗanladi ɗan Baffa ya gaya mini abin da ka ce masa bayan mun dawo daga gidan shari'a na Ƙonni, wai ni na ɓata shari'ar gonar Baba, wai da na iya bakina da ba a kai ga haka ba. Tun da na ji maganar nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ban saba ɗaga maka murya ba, amma wallahi raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Bari in tuna maka, ko nisa ya mantar da kai. Shekarar da dabbobin Labo suka ƙare ya taso daga Tajaye da iyalinsa ba su da ko masauki, Baba ya ba shi aron gonarmu ta bakin kwari. Kowace kaka Labo yakan ɗoro dami guda na hatsi bisa jaki, ya bi ta tsakiyar gari da rana tsaka, ya sauke a ƙofar gidanmu. Baba ba ya bukatar damin nan, sau da yawa a ranar yake sadaka da shi. Amma bai taɓa cewa a bari ba, domin damin ne yake gaya wa gari gonar ta wace ce. Ranar addu'ar arba'in ɗin Baba, kai ne ka miƙe gaban jama'a, da babbar rigarka ta Abijan, ka ce wa Labo daga yau ya daina wahalar da jakinsa, mun zama ɗaya, abin kunya ne mu karɓi dami a hannunsa. Mutane suka yi ta sa maka albarka. Kwana kaɗan ka hau mota ka tafi da albarkarka, ka bar mu da gona ba shaida.

Daga nan me ban gaya maka ba? Da Chindo ɗan Labo ya dasa mangwaro a gonar, na kira ka na ce Yaya, mai aro ba ya dasa itace, wannan kowa ya sani. Ka ce a bari sai ka zo. Da ya haƙa rijiya ya zuba mata siminti, na sake kiranka, ka ce ruwa ai alheri ne, a bari sai ka zo. Da ya kewaye ta da waya ya mai da gefenta garkar albasa, na ce ka ba ni izini in je wurin maigari ko da magana ce kawai in ajiye. Ka ce mace ba ta shiga zancen gona alhali tana da wa a raye, kada in sa a yi da kai a gari. Na bi maganarka, domin haka aka tarbiyyantar da mu. Ina wucewa ta bakin gonar in na tafi unguwa, ina ganin mangwaron yana girma har ya fi ni tsawo, har ya yi inuwa, har yara suna jifar 'ya'yansa, ni kuwa bakina a rufe, ina jiran wanda ya ce zai zo. Cikin jiran nan Labo ya rasu. Malam Isufu da aka ba da aron a gabansa, shi ma ya rasu.

Ka san abin da ya tashe ni a ƙarshe. Autana Rabilu ya dawo daga Libiya kamar an tono shi, ƙafafu duk sun fashe, abokan tafiyarsa wasu ba su dawo ba. Ya ce mini ya gama da hamada, in zai sami inda zai sa kalme ya yi noma ba zai ƙara fita ba. Ya je wurin Chindo da ladabi ya ce yana son gonar kakansa. Chindo yana zaune gindin mangwaro ko tashi bai yi ba, ya ce wace gona, wane kaka? Ya ce Rabilu ya tambayi itacen nan hannun wa ya dasa shi, in ya ambaci sunan wani daga gidanmu to ya ɗauki gonar har da rijiya. Ya tsinko mangwaro biyu ya miƙa masa, wai ya kai wa tsohuwa. Yaron nan ya shigo gida ya zube mangwaron a gabana. Shi ya sa ban ƙara neman izininka ba. Muka je wurin maigari, ya yi iya ƙoƙarinsa, aka wuce wurin sarki, sulhu ya ƙi, aka tura mu Ƙonni.

A can akwai wani dattijon malami da yake zama kusa da alƙali saboda sha'anin gado da gonaki. Bai tsananta mini ba ko kaɗan. Ya tambaye ni ko ina garin duk shekarun nan, na ce ina nan. Ya ce ko na ga ana dasa itace ana haƙa rijiya, na ce da idona. Ya ce to ko akwai wanda ya tsoratar da ni, ko ciwo ya kwantar da ni, abin da ya hana ni magana a shekarun. Kafin mu shiga, Ɗanladi ya ja ni gefe ya ce in aka zo nan in ce Chindo ya yi mini barazana, ko in ce ina aure a Illela ban sani ba. Yaya, Alƙur'ani yana ajiye a gabana. Ni da na san abin da rantsuwar ƙarya take jawowa, in sayar da lahirata? Na ce ba wanda ya tsoratar da ni, wana ne ya ce in jira shi. Malamin ya sunkuyar da kai. Ya ce wannan shi ake kira hauzi: wanda yake gari, yana gani, ya yi shiru shekaru masu yawa ba tare da uzuri ba, ga shi ba shaidar aro, to lokacin ƙararsa ya wuce, ba za a saurare shi ba. Ya ce jiran wa ladabi ne, amma shari'a ba ta lissafa shi cikin uzuri. Mun karanta babin nan a zauren Malam muna 'yan mata, ban taɓa zaton a kaina zai sauka ba.

To wannan ne ɓata shari'ar da ka ce na yi? Gaskiyar da na faɗa ranar nan ba ita ta cinye gonar Baba ba. Shirun da ka sa na yi ne ya cinye ta, da damin da ka mayar don a yabe ka. Ni da na zauna ina jinyar Inna, ina wanke ta ina ba ta abinci, zaman nawa ne ya zama hujja a kaina. Kai da ka tafi, malamin ya ce wanda ba ya ƙasa hukuncinsa daban ne, in ka zo da kanka za a saurari maganar rabonka, ko da yake bai yi alkawarin komai ba. Ka ji fa. Wanda ya ba da umurnin shiru ƙofarsa a buɗe, wadda ta yi biyayya an rufe tata. Na yi ta istigfari kada zuciya ta kai ni ga faɗin abin da bai kamata ba.

Rabona ya tafi, na sallama, Allah ya ga niyyata. Amma Rabilu ya fiddo jakar tafiyarsa ya rataye a ƙusa, kullum ina ganinta. Na roƙe shi da girman nonon da ya sha, ya ce zai tsaya har ruwan shuka. In ruwa ya sauka ba shi da inda zai sa iri, zai koma hanyar da ta kusa kashe shi. Don haka ni ma na sa maka wa'adi, Yaya, tunda na koyo a Ƙonni cewa jira yana da iyaka. Ka zo kafin ruwan farko, ka tsaya gaban alƙali da bakinka, ka nemi rabonka, ka ba yaron nan ya noma. Kada ka aiko da saƙo, kada ka aiko da atamfa. In kuma ba za ka zo ba, ka faɗa mini a fili, amma kada ka ƙara ce mini a bari sai ka zo.

Ka gaishe mini da matarka Kubra, ina yi mata sannu da ɗawainiya, da Anwar da Latifa, Allah ya yi musu albarka ya ba su ilimi mai amfani. Hajara da mijinta suna gaishe ka. Rabilu na ce ya ba da gaisuwa, ya tashi ya fita, ba zan rubuta abin da bai faɗa ba. Inna tana sa maka albarka. Da aka shigo da hatsin bana ta tambaye ni ko Labo ya kawo daminsa, domin ta manta ya rasu, ta manta da ranar arba'in. Ba na yi mata ƙarya, kuma ban iya gaya mata ba. Na ce mata wannan tambayar kai za ka amsa ta. Ta ce to, a bari sai ka zo.

Wassalam. Ƙanwarka,
Zulaihatu