Ina Kan Benci, Mama

Bronx, Afrilu 2016

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafarki, yaya Baba da mutanen Wusasa?

Ni lafiya lau. Kafaɗar da aka yi wa aiki ce har yanzu ta hana ni jefa ƙwallo, ƙungiyar besbol ta makarantarmu kuma ta ba wani gurbina. Kullum nakan sa rigar wasa in zauna a benci. Jiya koci ya ce, “Habila, ka huta a gida mana.” Na ce masa sai gobe in Allah ya kai mu.

Na gaji, Mama. Wani lokaci ina durƙusawa, addu'ar ta ƙi fitowa. Ki roƙi matan zumunta su riƙa yi mini har tawa ta dawo.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ɗanki,
Habila