Bidiyon Auta a Shafin Mai Barkwanci

Litinin, 6 ga Mayu
Bidiyon da na sa a shafin shagona, wanda Auta ke juyi da rigar da na ɗinka mata, wani mai barkwanci a intanet ya yanko shi ya ɗora a nasa shafin. Wai zabiya ba mutum ba ce, duk wanda ya kawo min ɗinki tsiya zai kwasa ya kai gida. Yana faɗa yana ƙyalƙyala dariya. 'Yata fa. Ko firamare ba ta gama ba.

Talata, 7 ga Mayu
Na goge nawa. Nasa yana nan, sai yawo yake.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashinsa. Da na sani ban duba ba. Wani ya ce ya san layin da shagon yake. Wani yana tambayar makarantarta, wai su je su kashe ƙwarƙwatar ido. Na ɓata wuyan rigar wata malamar asibiti, almakashi ya zarce. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai na leƙa in ga ko waye. Na hana Auta zuwa makaranta, na ce rana ta yi wa fatarta yawa.

Asabar, 11 ga Mayu
Ƙanwar Baban Auta, wadda take lauya, ta zo. Ta ce, “Yaya, wannan ba raha ba ce, kalaman ƙiyayya ne, kuma doka ta hana ko a waya aka yi su.” Wai har masu barazanar za a iya nemo su. Baban Auta ya ce a bar maganar, gobe za su samu wani su manta da mu. “Mabiyan mutumin nan ba su da iyaka. Kina taɓa shi, kanmu za su dawo.” Ni ma abin da ke raina ke nan.

Lahadi, 12 ga Mayu
Auta ta gani, 'yar maƙwabta ta nuna mata. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da sauƙi. Cewa ta yi, “Umma, ni na sa aka daina kawo miki ɗinki?”

Laraba, 15 ga Mayu
Ni da ƙanwar Baban Auta mun kai ƙara wurin masu binciken laifukan intanet. Ɗan ƙaramin ofishi, fanka na ta ƙara. Jami'ar da muka tarar ta sa na kunna bidiyon a gabanta, muryarsa ta cika ɗakin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi dariya ba. Ban san me ya sa na zaci za ta yi ba. A hanyar dawowa sai waige nake.

Talata, 21 ga Mayu
An gayyaci mai barkwancin ofishin. Kafin ya tafi sai da ya yi sabon bidiyo, wai wata tela na neman toshe masa baki. Wayata kamar za ta fashe. Zagi, zagi, zagi. Da rana tsaka aka jefi gilashin shagon da dutse, ya tsage. Baban Auta bai ce “ai na gaya miki” ba. Kujera ya ɗauko ya zauna a ƙofa har na tashi.

Wata cikin masu zagin ta rubuta cewa yau shi aka toshe wa baki, gobe duk wanda ya buɗe baki. Wannan ta tsaya min a rai. Ƙanwar Baban Auta ta ce faɗin ra'ayi daban, tunzura mutane a kan yarinya daban. Na sani. Amma dai.

Litinin, 3 ga Yuni
An sa ya sauke bidiyon. Saura kotu. Wai zan tsaya in yi bayani yana kallona.

Auta ta koma makaranta, babanta ke kai ta.

Alhamis, 13 ga Yuni
Wata mata ta shigo, ba ɗinki ta kawo ba. Ta daɗe tana shafa yadudduka kafin ta ce ƙaninta kurma ne, wani shafi ya mayar da shi abin dariya, har an fara tare shi a hanya. Ta ce, “Baiwar Allah, ke ba ki ji tsoro ba?” Na ce har yanzu ina ji. Ta tambayi inda ofishin yake. Kwatance kawai na yi niyyar yi mata. Sai na ji bakina yana cewa ta jira in kashe dutsen guga in raka ta.

Ba wani abu ba ne. Wurin ne ke da wuyar ganewa.