Doka Ta Uku Ta Tsakuwar Shinkafa

Zuwa ga Mi-ran, tsawar daminata, barkonon da ke cikin kimchina, kabejin nan namu mai tsami, mai muryar da ta fasa lasifika bakwai da zuciya ɗaya!

Gaisuwa gwargwadon gashin da ya zube daga kaina tun ranar da muka kafa ƙungiyarmu ta pank, kiɗan 'yan tawaye, Tsakuwar Shinkafa, a wancan ɗakin ƙarƙashin ƙasa na unguwar Hongdae. Shekara ashirin da shida ke nan ina zaune bayanki ina dukan ganga, ina kallon ƙeyarki. Wace ƙeya ce a duk Seoul ta kama ƙafar taki? Farin wata ma in ya gan ta sai ya ɓuya!

Kin tuna ranar da muka rubuta dokokinmu a bayan kwalin taliya? Ta ɗaya, kada waƙa ta wuce minti biyu. Ta biyu, ba ma gaisawa da mai kwat. Ta uku ke kika yanke ta, kina dukan tebur: "Duk wanda ya rubuta kalmar so, korarre ne! Soyayya dabarar masu kuɗi ce ta sayar da furanni." Ni na fara ɗaga hannu, ya sanyin idona, alhali ruwan ƙwan da na kafe tsinin gashina da shi yana gangaro mini a wuya saboda kin dube ni.

Me ba mu gani ba? Mun rera "A Rushe Majalisar Unguwa", majalisa ta ƙara bene biyu. Mun zagi masu gidajen haya, ɗakinmu ya koma kantin kofi. Ɗan sandan da ya taɓa jana da wuyan riga a zanga-zanga, makon jiya ya kawo jikarsa in sa mata hannu a faifai. Bong-gil mai gita kuwa sai ya shafa man zafi kafin ya yi tsalle. Duk na shanye.

Abin da ya ƙi shanyuwa shi ne maganarki ta ranar Talata, da kika ajiye makirfo kika ce, "Ni fa na gaji. Wasan Asabar ne na ƙarshe, zan koma tsibirin Jeju in riƙe wa Baba gonar lemo." Bong-gil ya ce, "To Yaya, wa zai kifar da jari-hujja?" Kika ce, "Ta jira a gama tsinkar lemo." Na taya ku dariya, na fita waje na yi kuka. Ni ban iya komai ba a duniya sai ƙirga miki ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wa zan ƙirga wa ranar Lahadi?

To ga shi, da tawada, da hannuna: ina sonki. Na karya doka ta uku. Ki kai takardar nan gaban taro a kore ni, na cancanta. Sai dai korarren makaɗi ba shi da wurin zuwa, kuma na ji an ce gonar lemo ba ta raina hannu.

Abu ɗaya nake roƙo, ya ruwan sanyina. In kin amince, ranar Asabar, kafin in ƙirga waƙar ƙarshe, ki juyo sau ɗaya. Ƙeyar na haddace ta, fuskar nake nema.

Naki har ranar da jari-hujja za ta faɗi, wato har abada,
Deok-su mai ganga