Muryar Baba Ta Fita a Gyaɗi-Gyaɗi

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina kwance cikin ni'imar Ubangiji.

Umma, kin tafi kin bar Baba a gefen karagar sarki. To yau yana ɗakin baƙina a Gyaɗi-Gyaɗi. Mutanen garinmu sun gaji da ƙwacen gonaki, suka fasa fada, aka sulale da sarki ta ƙofar baya, sannan suka bi gidajen fadawa da wuta. Da namu suka fara. Baba ya iso Kano a bayan motar albasa, daga shi sai rigar jikinsa.

Kin fi kowa sanin dalili. Sarki ba ya magana da talaka, Baba ne bakinsa. In mutum ya faɗi ya yi gaisuwa, Baba ne zai ce an gaishe ka. Wanda ya zo kuka kan gonarsa ma, Baba ne zai ce sarki ya ji, tashi. Da yawansu ba su taɓa jin muryar sarki ba. Ta Baba suka riƙe.

Ina tuna ranar da sarki ya tuɓe rigarsa ya ba shi. Ya yi ta zagaye tsakar gida yana baza hannu, ke kuwa kina tankaɗe, ko kallo bai ishe ki ba. Kika ce, "Malam, ranar da za a zo neman mai rigar, kai za a tarar a ciki." Dariya muka yi miki.

Nan yankinmu na Tarauni cike yake da samarin garinmu masu tuƙa adaidaita sahu, shi ya sa na roƙi Baba ya kama bakinsa. Wallahi ya yi ƙoƙari. Ya ajiye rawani, ya sa hular maigidana. Mutumin da ko atishawa ya yi sai maƙwabta sun amsa, ya koma magana kamar mai ciwon haƙori.

Shekaranjiya aka ɗaura aure a layinmu. Wani ya durƙusa yana gaida mai unguwa, kafin mai unguwa ya buɗe baki, sai Baba daga can baya ya ce an gaishe ka, da cikakkiyar muryar nan tasa. Jama'a suka kwashe da dariya, ban da wani saurayi mai adaidaita. Maigidana ya ce saurayin ya biyo su a hankali har ƙofar gida.

Jiya saurayin ya dawo. Ina leƙe ta bayan labule ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya faɗi sunan mahaifinsa da na ƙauyensu. Ya ce ranar Juma'a zai kawo 'yan gida su gaida Baba. Ladabin nan ne ya tsinka min zuciya. Baba ya gane sunan, mahaifin yana cikin waɗanda aka ƙwace wa gona.

Na yi kuka, na ce mu kai shi Kaduna wurin Yaya. Ya ƙi. Wai duk wanda ya taɓa durƙusawa gabansa, da bakin wani ya amsa masa, wannan karon zai amsa da nasa.

Ummana, tsoro nake ji. Ban san abin da za su riƙo ba, kuma ke kaɗai ce yake jin maganarki.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe wa Baba, Ya sanyaya zukatan waɗanda aka zalunta kafin su iso ƙofata. Amin.

Gobe ne Juma'ar, Umma. Baba ya ce in share soro, in shimfiɗa musu tabarma.

'Yarki,
Bilkisu