Goma Sha Ɗaya, In Ji Littafi

Litinin, 2 ga Satumba 2024, Parakou

Kai da ka buɗe kayen nan, littafin rubutuna, ba da izinina ba, tsaya in tambaye ka: an taɓa shafe gidanku kaf da layi biyu na Faransanci? In ba a taɓa ba, rufe ka mayar inda ka ɗauka.

Yau da la'asar ina naɗe wa wani ɗan zem mai haya da babur tsire a rumfar maigidana Sahabi, nan unguwar Banikanni. Takardun naɗin wannan makon daga wani gidan buga littattafai aka kwaso su, waɗanda tawada ta ɓata. Ni kuwa ba na naɗa nama a takardar da ban leƙa ba. Da haka na koyi karatu tun da aka cire ni daga lakol, makarantar boko, a aji uku. Sai idona ya faɗa kan sunan garinmu, Sonworo. Littafin tarihin gari ne da yawan mutanensa. Wani tsohon malamin lakol da ke Djougou, Metir Yaou, shi ya rubuta wa meri, ofishin magajin gari, za a fito da shi ran 5 ga Oktoba, a bikin cikar garin shekara hamsin da zama mazaunin hukuma. Shafi na sha huɗu: Unguwar Zango, baƙi 'yan kasuwa, sun zo 1978, mutum goma sha ɗaya, wanda ya kafa ba a san shi ba.

Ba a san shi ba. Madugu Tahir, kakan kakana, wanda ya sauke ayarin goro a wurin tun ba a ga farar fata ba, ya haƙa rijiyar da rabin gari ke sha har yau.

Ɗan zem ɗin ya ce, "Malam, nama na saya ko karatu?"

Laraba, 4 ga Satumba

Na tsince shafukan duka daga buhu. Yom, ƙabilar masu ƙasa, sun samu shafi tara. Fulanin rugga uku. Injin markaɗen doya da aka kawo bara ya samu rabin shafi da hoto. Mu layi biyu.

Asabar, 7 ga Satumba

Ƙanwata Firdausi ta kira daga gida. Mutanen meri sun zo da igiyar awo, sun kakkafa turakun siminti kewaye da maƙabartar bayan zango. Tashar mota za a gina. Da ta tambaya, wani mai hular kwano ya ce mata zango ba shi da tsohon haƙƙi a filin, jiya-jiya kuka zo, har a littafi an rubuta.

Madugu yana kwance can. Babana yana can, shekara shida ke nan. Turke ɗaya, in ji Firdausi, taku biyu ne daga kansa.

To ashe ba ƙarya kawai ba ce, ƙarya ce mai aiki. Metir Yaou, a hoto kawai na san fuskarka, amma wallahi za ka san tawa.

Lahadi, 8 ga Satumba

Duk wanda ya sayi tsire yau a cikin sunan Metir na naɗa masa. Shafin farko mai hotonsa da tabarau na ajiye wa kayan ciki. Sahabi ya ce, "Muntari, takarda kake hukuntawa? Ita ma ba ta so aka buga ta ba." Na ce ya kula da wutarsa.

Talata, 10 ga Satumba

Na rubuta wasiƙa zuwa gidan rediyo, shafi huɗu. Na karanta wa Sahabi. Ya ce in an cire zagi, saura gaisuwa da sa hannu.

Abin da zan yi: ranar bikin, in Metir ya miƙe ana tafa masa, zan miƙe ni ma. Zan karanta layinsa biyu da ƙarfi, sannan in tambaye shi a gaban jikokinsa ko a mafarki ya ƙirga mu. Gidan Kaka Mairo kaɗai, in an sauke tukunya, hannu nawa ke shiga? Ina so ya koma Djougou yana kallon ƙasa. Ina so duk yaron da ya taɓa duka a kan kuskuren rubutu ya ji labari.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na kira Baba Ashafa, yayan babana, shi ne mai gida yanzu. Na ce a tara maza a je meri. Ya ce, "Ka bar maganar hukuma, yaro. Mai kwana a ɗakin wani ba ya miƙe ƙafa." Na ce, Baba, shekara ɗari da ɗoriya muna ɗakin, yaushe zai zama namu? Ya kashe waya.

Litinin, 16 ga Satumba

Ba zan iya jira har Oktoba ba. Jibi Djougou.

Laraba, 18 ga Satumba, Djougou

Na same shi. Gida ne mai jar ƙofa bayan masu sayar da man kaɗanya. Tun daga tasha nake maimaita abin da zan faɗa.

Ɗan tsoho ne siriri, ƙafa ɗaya ta kumbura, yana zaune yana tsince wake. Ban zauna ba. Na jefa masa shafin a cinya, da maiƙonsa. Na faɗi duk abin da na tanada, har da ƙari. Na ce masa maƙaryaci da Hausa, na maimaita da Faransanci don kada ya ce bai ji ba.

Ya bar ni na gama. Sai ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Kai jikan tsohuwar nan ne mai goro a kumatu? Zauna, ɗana, ƙafata ba ta bari in miƙe in yi faɗa."

Ya sa aka ɗauko masa wani kaye mai baƙin bango. Sau uku ya je zangonmu, ga ranakun a rubuce. Zuwan farko, Baba Ashafa ya tare shi a zaure ya ce ba mu da wani tarihi, ya je wurin masu ƙasa. Da ya matsa masa a kan shekara, Baba ya ɗauko takardar gida ta 1978, lokacin da aka sa kwano, ya ce ga abin da muke da shi. Zuwa na biyu ba a buɗe masa ba. Na uku ya samu Kaka a ƙofa. Ya tambaye ta ku nawa ne, ta ce goma sha ɗaya. Ya tambaye ta wa ya kafa unguwar, ta ce mai sunan malam. Ya ce wane malam? Ta ja mayafi ta shige.

"Na jira har rana ta karkata," in ji shi. "Abin da aka ba ni na rubuta. Na san akwai saura, amma ba na rubuta abin da ba a gaya mini ba."

Na ce to da ka bar wurin fari, da ka rubuta ba su faɗa ba. Ya rufe kayen. Ya ce, "Wannan kam gaskiyarka."

Ban gode masa ba. Ban sha ruwansa ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, Sonworo

Na tsare Kaka tana ɓare gyaɗa. Na ce, Kaka, goma sha ɗaya?

Ta ce, "To so kake in ƙirga wa baƙo jikokina kamar awaki a kasuwa? Baki ya kama su?" Yara ba ta sa su ba, don baki. Gidan Baba Ashafa ba ta sa ba, ɗan fari ne, ba ta ambatonsa. Waɗanda ke Parakou da Cotonou ba ta sa mu ba, wai matafiyi ba a lissafa shi sai ya dawo. Sauran da ta ga suna gilmawa a tsakar gida ta haɗa, ta rage biyu don tsaro.

Na ce, sunan Madugu fa? Ta harare ni. "Ja'iri. Sunan nan aka maya wa kakanka, mijina. Shekara sittin ban faɗe shi ba, sai don mai tabarau?"

Na ce saboda kunyarki za a ajiye motoci a kan mijin naki. Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Da na san haka fuskarta za ta yi, da ban faɗa haka ba. Amma gaskiya ce.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na je na ga turakun. Taku biyu, Firdausi ba ta ƙara ba. Na daki ɗaya da ƙafa, ni na ji ciwo.

Asabar, 21 ga Satumba

Faɗa da Baba Ashafa a zaure, har maƙwabta suka leƙo. Na ce shi ya sayar da mu, kuma ko sisi bai karɓa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ɗaga sanda, bai sauke ba. Ya ce yana da shekara tara ana riƙonsa wurin kawunsa a Kumasi, aka zo da takarda ana rubuta sunayen baƙi, su suka ba da nasu da hannunsu. Bayan ɗan lokaci suna bisa babbar mota da tabarmi, an kore su daga ƙasar. "Tun ranar, duk mai biro da ya tambaye ni mu nawa ne, ƙarya nake masa."

Na ce nan ba Kumasi ba ne. Ya ce Kumasi ma da ba Kumasi ba ce.

Ban yafe ba. Na dai rubuta yadda ya faɗa.

Talata, 24 ga Satumba

Tun da ba mai ƙirgawa, ni na ƙirga. Ƙofa ƙofa, gida tara, da na goye da na tafiya. Kaka na bina a baya tana tofa Masha Allah a kan kowane yaro, tana zagina a tsakani. Ɗari da talatin da bakwai.

Na je wurin sarkin ƙasa, tsohon Yom da muke kai wa ƙwaryar goro duk sabuwar doya. Ya ce kakansa ya karɓa daga hannun kakanmu, shi ma a wurin nasa kakan ya gani. Na ce zai faɗa a taro? Ya ce in an tambaye shi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Alhamis, 26 ga Satumba, Djougou

Na kai wa Metir takardar ƙirgar don in ga idonsa. Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya gyara mini kuskure shida a Faransancin da jan biro, bai ko nemi izini ba. Ya ce an riga an buga littafin, ba ya gyaruwa.

Na ce to ran biyar ga wata zan tona shi. Ya ce, "Ka zo da wuri, ka samu kujerar gaba."

Raini ne ko me, ban gane ba.

Talata, 1 ga Oktoba, Parakou

Sahabi ya ce kwana biyu ban zagi tsohon ba, ko ba ni da lafiya. Ina tanadi ne.

Asabar, 5 ga Oktoba, Sonworo

An yi biki a filin meri. Rumfa, ganguna, 'yan lakol da tuta. Takardata na aljihu, bakina a shirye.

Metir ya riga ni. Da aka ba shi makirfo, kafin a gama tafi, ya ce kowa ya buɗe shafi na sha huɗu. Ya ce abin da ke nan kuskure ne, kuma nasa ne, don ya rubuta rashin amsa kamar amsa. Bai ambaci Baba ba, bai ambaci Kaka ba. Ya juya wurin sarkin ƙasa ya tambaye shi maganar goro da yarensu, tsohon ya amsa, aka fassara. Sannan ya ce akwai wani saurayi nan da ya fi shi sanin zango, ya zo ya karanta.

Na karanta. Na fara da wanda ya kafa unguwar. Da na ce Madugu Tahir, na hango Kaka can bayan mata ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta tashi ba. Ɗari da talatin da bakwai, har jaririyar Memuna ta sati uku. Baba Ashafa bai zo ba. Firdausi ta ce yana zaure da rediyo a kunne.

Magajin gari ya yi murmushi ya ce za a duba. Aka saki ganguna.

Zagin da na yi wata guda ina wasawa yana nan cikina, ban samu inda zan sauke shi ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, Djougou

Na biyo ta nan ne kawai don motar Parakou ta fi samuwa. Man zafin da na kai wa Baba Yaou na ƙafa, Kaka ce ta matsa. Mun zauna mun rubuta wa meri takarda, shi Faransanci, ni abin da za a faɗa. Ya cire mini kalma uku, na bar shi, don dai tsoho ne. Ya ce in dawo ran Alhamis da abin da tsofaffin zango suka tuna na hanyar goro, wai za mu yi ɗan littafi na daban. Ban ce zan zo ba. Na dai tambayi Sahabi hutun Alhamis.

Turakun suna nan. Da safen nan na duba.

Saura kai, mai girma magajin gari. A gaban mutane aka ce mu goma sha ɗaya ne, a gaban mutane aka janye. Mai littafi ya miƙe da kumburarriyar ƙafa ya ce ya yi kuskure, mai ƙasa ya ba da shaida. "Za a duba" ba amsa ba ce. Ranar kasuwa mai zuwa ka fito filin nan, ka riƙe makirfon nan, ka gaya wa mutum ɗari da talatin da bakwai da bakinka: za a cire turakun daga kan ubana, ko motoci za ka jera a kansa?