Gidan Farko

Bunkure, 7 ga Janairu, 1985

Zuwa ga aminina Mukhtari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da su Kubra. Yaya Kano, yaya aikin ɗab'i?

Bayan haka, aiki na kawo maka. Ƙungiyarmu ta manoman rani za ta zaɓi shugaba, ni aka ɗora wa aikin sakataren kwamitin zaɓe, wai don ina koyarwa a firamare. Shugaban shi ke raba ranakun buɗe ruwa a kanal, ka ga kujerar ba ta wasa ba ce. Mutum uku ke nema: Kawuna Alhaji Sammani mai ci yanzu, da Tambaya mai tumatir, da Baballe na ƙarshen kanal.

Wallahi abin da na gani jiya ya ishe ni. Tun hantsi har la'asar dattawa masu furfura suna kumfar baki a kan sunan wa zai hau sama a takarda! Kawu ya ce sunansa ba zai kwanta ƙarƙashin na Baballe ba, mutumin da ya taɓa yi masa ƙodago. Na ce a bi abacada, Kawu ya ce madalla, ai Alhaji da "A" ya fara. Tambaya ya ce shi ma ya biya kuɗin kujerar Makka, a rubuta masa "Alhaji" tun yanzu. Tir! Na ce to a sa wa kowa alama, aka ce kul, kada soja su ce mun farfaɗo da jam'iyya. Ruwa kuwa, da alkamar mutane ke bushewa, ko mutum ɗaya bai ambace shi ba.

Daga ƙarshe aka yarda a jera sunayen a kwance kamar sahun salla, kowa da gidansa na dangwala yatsa, ba mai hawa kan wani. Liman ya ja ƙuri'a da tsinken tsintsiya: Baballe na farko, Tambaya na biyu, Kawu na uku. Haka za ka buga, guda ɗari huɗu.

Naka,
Garzali

Kura, 10 ga Janairu, 1985

Takarda daga hannun Alhaji Sammani, Shugaba, zuwa ga ɗana Garzali.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar ƙanwata Umma, ina so ka buɗe kunnenka. Ni na kai ka makarantar boko, ni ma na yi ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ba a yi mini wayon takarda. Manoman nan ba su iya karanta sunan kowa ba. Abin da za a iya cusa musu a ka kalma ɗaya ce: gidan farko. Ni zan zauna a gidan nan. Tsinken tsintsiya ba aya ba ne.

Ka gyara a maɗaba'a, ka yi shiru. Takardu ba za su fito ba sai ranar zaɓe.

Na ji alkamar uwarka ta fara ciki, kuma gonarta tana can ƙarshen kanal. Ranar ruwanta Talata ce. Talata takan zo, takan kuma wuce. Mai hankali shi ke gane furfurar farar tunkiya.

Haza wassalam.

Bunkure, 16 ga Janairu, 1985

Mukhtari,

Ina gaisuwa. Idan ba ka buga ba, dakata. Ka juya jerin: Sammani, Tambaya, Baballe.

Kada ka tambaye ni. To, bari dai in faɗa. Jiya Talata ba a buɗe wa Umma ruwa ba. Ta je da kanta tun da sassafe, ta zauna a bakin kwalbati har rana ta take, ta dawo tana cewa ƙila yayanta mantawa ya yi. Eka ɗaya ce tak, ita ce abincinta na shekara. Ganyen ya fara naɗewa. In aka sake tsallake ta sau ɗaya, sai dai a kora awaki ciki.

Ƙyamar Kawu nake ji, kuma ga shi ina yi masa aiki.

Garzali

Kano, 20 ga Janairu, 1985

Malam Sakatare,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gaida Umma, Allah ya ba ta haƙuri da ɗan'uwan da ya haɗa ta da shi.

Ga takardunka nan wurin direban Garun Malam, yadda ka ce, Sammani a farko. Ashe kai ma ka iya! Kai da ka cika mini takarda da tir da dattawa? Ni mai inji ne, ko sanarwar ɓatan jaki aka kawo bugawa nake yi, amma wannan sai da na wanke hannu da sabulu. Ba zan ce ka bar gonar tsohuwa ta ƙone ba. Sai dai ka sani, wanda ya toshe ruwa sau ɗaya ya ga ya ci riba, baɗi ma zai toshe, kuma ya san ƙofar gidanka.

Kubra tana gaishe ka. Ban gaya mata ba, don har yanzu mutumin kirki take ɗaukar ka.

Mukhtari

Bunkure, 28 ga Janairu, 1985

Aminina,

Bayan gaisuwa, zauna ka sha labari. An yi zaɓe ranar Asabar. Baballe ɗari uku da sittin da ɗaya, Tambaya ashirin da biyu, Kawu tara.

Tara, Mukhtari! Mutumin da ya raba goro da sabulu da taki, yaransa suka bi gida gida suna cewa a dangwala gidan farko. Shi ma Baballe, da yake ƙuri'ar Liman ta ba shi farko, abin da ya gaya wa nasa ke nan. Kowa kuwa ya cika alkawari. Abin da ni da kai da Kawu muka manta, mu 'yan boko, shi ne mutanen nan a allo suka yi karatu. Duk wanda aka miƙa wa takarda sai ya yi bisimilla ya fara daga dama. A dama kuwa wa ka sa? Baballe.

Har Liman ya duba, ya sa aka nuna masa gidan kowa, ya ƙirga daga dama ya ce, "Daidai yadda tsinke ya faɗa. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Kawu ya tare ni a gaban jama'a, ya ce na yaudare shi, kada in ƙara taka gidansa. Bai iya faɗin irin yaudarar ba, don in ya faɗa kansa ya tona. Mutane suka ɗauka ƙin bin sa na yi. Yanzu ko'ina na bi sai sannu da gaskiya, wanda ya ƙi kawunsa saboda amana. Wata tsohuwa har ƙwai ta aiko mini. Na kasa ci.

Ruwa ya isa gonar Umma tun jiya, ita da duk na ƙarshen kanal, ba wanda ya roƙa. Baballe kuma ya aiko wai ni yake so in riƙe mabuɗin ƙofar ruwa, don bai ga amintacce kamata ba. Da zagi ne da na fi samun barci.

Garzali

Bunkure, 30 ga Janairu, 1985

Zuwa ga Shugaba Malam Baballe,

Assalamu alaikum. Ina taya ka murna, Allah ya taya ka riƙo. Da ajami na rubuto don ka karanta da kanka, kada wani ya ji.

Ba zan karɓi mabuɗin ba. Ga takardar zaɓe ɗaya na haɗo maka. Ka sani boko daga hagu ake fara shi, kuma ni da hannuna na rubuta a jera ta haka. Ka ƙirga daga can, ka ga inda na ajiye ka. In ka gama, sai ka nemi wani amintaccen.

Wassalam,
Garzali