Gwangwanayen Fim a Ɗakin Baba

Sara, Gwaram
3 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Kamaluddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka a can Ingila. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya sauka, an gama shuka.

Wasiƙarka ta iso. Shekara tara ba ka taka Birnin Kudu ba, rasuwar Inna ma ta waya ka yi mana gaisuwa, amma yau ga shafi uku a kan tsofaffin gwangwanayen fim da ke ɗakin Baba. Ka ce wasan kwaikwayo ne na farkon talabijin a ƙasar Turawan Ingila, mai baƙi da fari, wanda ake nunawa kashi-kashi duk mako. Wai su da kansu suka goge nasu, yanzu kuma suna bin duniya suna nema. Ashe abin da masu shi suka zubar, a kansa ka ƙarar da ƙuruciyarka har ake ce maka Dakta. Baba ma a juji ya tsince su, lokacin da yake aikin juya fim a gidan talabijin.

Na karanta wasiƙar sau biyu ina neman inda ka tambayi idonsa. Ban samu ba. To, idon ya tafi tun azumi, ba ya gani.

Yayarka,
Munawwara

Birnin Kudu
20 ga Yuli

Kamaluddeen,

Ina gaishe ka, da fatan yara suna lafiya.

Ɗanbala, mutumin da ka turo daga Kano, ya zo da farar safar hannu, yana ta yatsina wai gidan na warin awaki. Saboda shi na baro nomana. Ya buɗe gwangwani goma sha ɗaya, duk fim ɗin ya narke ya manne, sai tsami ke tashi. Ya ɗauki hoto, ya wanke hannu, ya tafi ko zama bai yi ya gaida Baba ba.

Baba ya ji komai. Da la'asar ya sa na zauna, ya fara ba ni labarin wasan daga kansa, har da kwaikwayon muryoyinsu. Ya ce sau uku ya kalli kowane kashi. Ni dai ban ga abin ɗauka ba: wasu 'yan'uwa ne cikin manyan riguna, suna shan shayi suna gaba da juna kan gidan gado. Amma tun rasuwar Inna ban ji shi ya yi dariya irin ta ranar ba.

Kwana biyar, kashi biyar, sai ya tsaya. Ya ce na shida naka ne, kuma ba zai faɗe shi ta waya ba.

Ya daina cin tuwo, kunu ma sai an lallaɓa. Ba roƙonka nake yi ba. Daga Kano zuwa nan awa biyu ne a mota.

Yayarka,
Munawwara